A cire ko a gyara? Yadda za ka yanke shawara kan haƙorin da ya lalace

Yawancin mutanenmu nan Katsina ba su zuwa wurin likitan haƙori sai abu ya ci tura, an kwana biyu ba barci, an danna kanumfari an danna gishiri an shanye duk abinda mai kemis ya ƙulla, kunci ya fara tasowa, sannan a ɗaure haɓa da ƙyalle a taho asibiti da magana ɗaya a baki: likita don Allah a cire shi in huta. Kuma ba laifinsu bane, ciwon haƙori ba ya barin mutum ya yi dogon tunani. Amma zafin ciwon ba shi ke nuna haƙori ya gama ko bai gama ba. Akwai haƙorin da zai sa babban mutum hawaye kuma gyaranshi ba wani abu bane, akwai wanda ba ya ciwo ko kaɗan alhali ya riga ya tashi aiki sai dai cirewa. Abinda ake dubawa shine me ya rage na jikin haƙorin, ya lafiyar saiwarshi da ƙashin da ke riƙe da ita, sannan kai kanka za ka iya kai aikin gyaran ƙarshe ko a hanya za ka tsaya. Toh ga yadda za ka bi abin daki-daki.

Na farko, tabbatar ba na gaggawa bane

In kumburi ya sauko ƙasan haɓa ko wuya, ko ya hau har ido ya fara rufewa, ko ga zazzaɓi, ko baki ya ƙi buɗuwa sosai, ko haɗiye miyau ya zama aiki, ko numfashi ya fara sarƙewa, to maganar a cire ko a gyara ta wuce, wannan asibiti ne yanzu-yanzu ko da tsakar dare ne, sashen gaggawa. Mugunyar da ta taru a gindin haƙorin ƙasa tana iya bin ƙarƙashin harshe ta toshe hanyar numfashi, kuma tana kisa. Kar a ce bari a shafa wani abu a ga safiya, musamman in mai ciwon suga ne ko yaro ko tsoho.

In ba ko ɗaya cikin waɗannan, to kana da lokacin yin shawara, kwanaki dai ba watanni ba.

Na biyu, saurari irin ciwon

Haƙori hawa uku ne. Akwai farin nan na waje mai tauri, wanda duk jikin mutum ba abinda ya kai shi tauri, a ƙarƙashinshi akwai wani mai ɗan ruwan ɗorawa wanda bai kai shi ƙarfi ba, can tsakiya kuma akwai rami inda jijiya da hanyoyin jini suke, ya gangara har cikin saiwa. Duk rikicin ya ta'allaƙa ne kan ko ruɓar ta kai wannan ramin na tsakiya ko ba ta kai ba, kuma yadda ciwon yake yi yana ba da haske.

In sai ka kurɓi ruwan sanyi ko fura mai ƙanƙara ko ka sa alewa sannan ya tsira maka, cikin daƙiƙa kaɗan ya lafa, yawanci jijiyar tana nan da ranta, ciko kawai ake yi a wuce wurin. Wannan shine lokacin da ya fi arha kuma shine lokacin da ba wanda ke zuwa. In kuwa zafin yana daɗewa bayan ka haɗiye ruwan, rabin minti ko fiye, ko shayi mai zafi ke tada shi, ko haka kawai ya taso da dare da ka kwanta yana bugawa har kunne har gefen kai, to jijiyar ta kamu sosai, ciko kaɗai ba zai yi ba, sai dai aikin jijiya, wato a kwashe jijiyar a toshe ramin, ko cirewa.

Sai na ukun wanda yake yaudarar mutane: ya yi ta ciwo sati guda sai ya yi shiru, mutum ya ce Alhamdulillahi maganin wane ya yi aiki. Sau da yawa jijiyar ce ta mutu. Ƙwayoyin cutar suna nan suna cin gindin saiwa a hankali, bayan wani lokaci sai kaga ɗan ƙurji a dasashi yana fashewa yana dawowa, bakin yana ɗan wari, ko haƙorin ya yi duhu, ko in ka tauna abu a kanshi ka ji kamar ya fi sauran tsawo. Shirun nan ba warkewa bane.

Kafin ka samu ganin likita, farasitamol da ibuprofen suna rage zafi sosai in an sha bisa ƙa'ida, amma mai gyambon ciki da mai ciwon ƙoda da mai juna biyu su bar ibuprofen sai da izinin likita. Kar a ɗora asfirin a kan dasashi, ƙona naman yake yi. Ruwan batir da fetur da wasu ke ɗigawa a kogo kuwa, don Allah a bari, ba ƙaramin ɓarna suke ba. Amoksilin da filajil da ake saye a sha kamar gyaɗa ba su warkar da haƙori, in jijiya ta mutu jini ba ya shiga ramin balle maganin ya kai can, kumburin dai zai ɗan sauka ya sake dawowa. Masu fito da tsutsa daga haƙori a kasuwa kuma, babu wata tsutsa a haƙori, ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani suke cin siga suna fitar da tsami yana narkar da haƙorin.

Na uku, je inda za a yi maka hoto

Nan ne nake son mutane su dage. Kar ka yarda a yanke ma babban haƙori hukunci da ido kawai in dai akwai halin yin hoto, don rabin haƙori a cikin ƙashi yake, ba mai ganinshi. Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wanda aka fi sani da FMC a da, yana da sashen haƙori, mutumin Daura da kewaye kuma ya fara da babban asibitin garin, in aikin ya fi ƙarfin nan ana tura mutum Asibitin Malam Aminu Kano ko Shika. In na kuɗi za ka, ka tabbatar likitan haƙori ne na gaske mai rajista da MDCN, hukumar da ke yi ma likitoci rajista a Najeriya, ba wai duk mai farar riga da filaya ba.

Abinda zai yi maka ba abin tsoro bane. Zai leƙa da ɗan madubi, ya ƙwanƙwasa haƙoran ɗaya bayan ɗaya da bayan madubin har ya zo kan wanda za ka zabura, ya ɗora auduga mai sanyi ya ce ka ɗaga hannu in ka ji kuma ka sauke in ya daina, ya kama haƙorin ya gwada girgiza shi, sannan ya zura wani siririn ƙarfe mai zane-zane tsakanin haƙori da dasashi yana auna zurfi. Lafiyayyen dasashi milimita 1 zuwa 3 ne, in ya kai 6 ko fiye to ƙashi ya zaizaye sosai. Hoton kuma ɗan ƙarami ne, a cikin baki ake sa shi ka riƙe, in ya fito ka ce a nuna maka. Za kaga saiwa fara a tsaye cikin ƙashi, in akwai wani baƙin da'ira a ƙarshenta to nan ciwon ya taru, in kuma ƙashin ya sauka ya bar rabin saiwar a waje shi ma za ka gani da idonka.

Kafin a taɓa ka, ka faɗi duk abinda ke damunka ko ba a tambaya ba: hawan jini, ciwon suga, sikila, ciwon zuciya, asma, in kana shan maganin tsinka jini irin su warfarin ko asfirin na kullum, in wani magani ya taɓa yi maka illa. Kuma kar ka daina shan maganinka da kanka don za a cire maka haƙori. Mai juna biyu ta faɗa, ana yi mata aikin haƙori lafiya lau, an fi so dai a yi tsakanin wata na 4 zuwa na 6, amma in ciwo ya tashi ba a cewa ta jira sai ta haihu.

Na huɗu, wanne ne ke gyaruwa, wanne ne ba ya yi

Haƙori kamar katangar gida ne, in sama ce ta zube tushe na nan ana sake ɗorawa, in tushen ne ruwa ya cinye to duk kyan yaɓen banza ne.

Wanda ke gyaruwa shine mai kogon da bai kai jijiya ba, ciko ya wadatar. Haka wanda ya ɓalle a gefe wurin tauna ƙashi ko aya ko buɗe kwalba da baki, in tsagewar ba ta gangara cikin saiwa ba. Wanda ruɓa ta kai jijiya ma yana gyaruwa in dai saiwar lafiya take kuma akwai sauran bango, shine ake yin aikin jijiya, wanda za ka ji suna ce ma rut kanal. Ana kashe wurin da allura, a huda ta sama, a bi ramin saiwar da wasu siraran ƙarafa a kwashe mataccen naman, a wanke da magani, a cike ramin da wani abu kamar roba a toshe. Haƙorin gaba yawanci rami ɗaya ne shi ya sa aikinshi ya fi sauƙi da arha, turmi kuwa, wato babban haƙorin tauna na baya, rami 3 ko 4 gare shi, wani a lanƙwashe. Ana gamawa a zama ɗaya wani lokaci, amma sau da yawa sai an je sau 2 ko 3. Bayan nan turmi yana buƙatar a sa mashi hula, wato murfi mai tauri da ake kifa ma haƙorin gaba ɗaya, don haƙorin da aka rarake cikinshi saurin darewa gare shi, kilishi ɗaya ya isa ya raba shi biyu. Kuma kafin hular ta zauna sai an samu lafiyayyen bango kamar milimita 2 a saman dasashi zagaye da haƙorin. Wannan ita ce tambayar da za ka yi ma likita kai tsaye: bayan an kankare ruɓar, akwai abinda zai riƙe hula?

Wanda ba ya gyaruwa: in ya ruɓe har ƙasan dasashi saura kututture, in ya tsage a tsaye har cikin saiwa, in yana girgiɗi gaba da baya har yana nutsewa in an danna saboda ciwon dasashi ya cinye ƙashin, ko an yi aikin jijiya an sake yi ciwon bai bar dawowa ba. Waɗannan duk wanda ya ce zai gyara maka kuɗinka kawai zai ci. Akwai kuma haƙorin ƙarshe na can ƙurya wanda ke fitowa tsakanin shekara 17 zuwa 25, in ya fito a karkace yana tara abinci yana kumbura dasashi yana ruɓar da maƙwabcinshi, ba a cika wahalar gyara shi ba, cirewa ake kuma ba sai an maye gurbinshi ba.

Girgiɗi kaɗan ba hukuncin cirewa bane fa. Wani wankin haƙori na asibiti da kula da suga kawai yake so ya koma ya tsaya.

Na biyar, yi lissafi da aljihunka da hanyarka

Nan ne maganar gaskiya take. Cirewa ta fi arha nesa ba kusa ba, aikin jijiya da hula ya ninka ta sau da yawa, shi ya sa kowa ke cewa a cire. Amma giɓin ba nan yake ƙarewa ba. In turmi ya tafi, na bayanshi yana kwantowa cikin gurbin a hankali, na samanshi yana zazzagowa tunda ba abinda zai tare shi, abinci ya fara maƙalewa a wuraren da ba ya maƙalewa da, ka koma tauna ta gefe ɗaya. Ƙashin wurin ma yana shanyewa, kuma ya fi saurin shanyewa a watanni 6 na farko. Cike gurbin kuma wani kuɗin ne: haƙorin roba na cirewa da sawa shine mai sauƙi amma ba ya tauna kamar naka, gada sai an fiƙe lafiyayyun haƙora biyu na gefe an ɗora a kansu, dashe kuwa wanda ake kafa ƙarfe a ƙashi a jira wata 3 zuwa 6 ya kama, ya fi aikin jijiya tsada da nisa kuma ba ko'ina ake yi ba. Saboda haka in za ka kwatanta, ka kwatanta kuɗin gyara da kuɗin cirewa haɗe da na cike gurbi, ba da na cirewa kaɗai ba.

Amma kuma, kuma wannan ra'ayina ne ban ɓoye ba, aikin jijiyar da aka fara aka bari a hanya gara cirewa da shi. Mutum ya taso daga Baure ko Zango ko Mai'adua, ko daga Jibiya ko Batsari, an yi zaman farko an kwashe jijiya an sa cikon wucin gadi, ciwo ya ɗauke, ga kuɗin mota ga aikin gona, shikenan ba a sake ganinshi ba sai bayan shekara da kumburi, cikon ya fita haƙorin ya dare, an yi asarar kuɗin kuma dole a cire. In ka san tsakaninka da Allah ba za ka iya komawa sau 3 ba ko ba ka da kuɗin hular, faɗa ma likita tun farko. Ka tambaye shi jimillar kuɗin har hula, zama nawa ne, ana iya biya kashi-kashi, kuma shi a ganinshi haƙorin zai yi shekaru ko dai gwaji ne. In kana da katin inshorar lafiya, na tarayya (NHIA) ko na jihar Katsina, ka tambaya me ya ɗauka me bai ɗauka ba kafin a fara. In ba ka gamsu ba ka ɗauki hotonka ka nuna ma wani likitan, ba rashin kunya bane.

Wurin da haƙorin yake shi ma abin dubawa ne. Na gaba da fiƙa da turmin farko sun cancanci a yi masu wahala, balle ga matashi mai sauran shekaru da yawa na tauna. Dattijon da ya riga ya rasa da yawa kuwa, kowane ɗaya da ya rage yana da daraja don shi ke riƙe haƙoran roba.

Maganar yara dabam ce

Haƙoran yarinta 20 ne, na manya 32. Iyaye na cewa ai zai faɗi wani ya fito, amma turamen yara ba su faɗuwa sai wajen shekara 10 zuwa 12, in an cire tun yana ɗan 5 sauran suna matsowa su cinye gurbin, na dindindin ya fito a karkace. Sannan ga wanda ake yawan yin asararshi: turmin farko na dindindin yana fitowa ne wajen shekara 6 a bayan na yarinta ba tare da wani ya faɗi ba, sai uwa ta ɗauka na yarinta ne ta bar shi ya ruɓe. Wannan ba ya sake fitowa.

In kuma faɗuwa aka yi ko haɗarin babur, haƙorin dindindin ya fito gaba ɗaya da saiwarshi, kar a jefar. A kama shi ta kai ba ta saiwa ba, in ya kwashi datti a ɗauraye shi kaɗan ba gogewa, a mayar da shi raminshi in zai yiwu, in ba zai yiwu ba a sa shi cikin madara a ruga asibiti, a cikin awa ɗaya ya fi kamawa. Na yarinta ne kawai ba a mayarwa.

In an tsaya kan cirewa

Ka ci abinci kafin ka je, allurar kashe wuri ce ba ta barci ba. Za ka ji ana dannawa ana jijjigawa amma bai kamata ka ji zafi mai tsini ba, in ka ji ɗaga hannu a ƙara allura. Maganar da ake yi cewa cire haƙorin sama yana taɓa ido ba gaskiya bace, ciwon da aka bari ya yi mugunya shine ke iya hawa wajen ido. Haka cewa ba a taɓa haƙori sai kumburi ya sauka gaba ɗaya, likita ne zai duba, wani lokacin cirewar ko fitar da mugunyar ita ce maganin kumburin. Mai azumi kuma ya nemi a sa mashi lokaci kusa da shan ruwa saboda magungunan da zai sha bayan nan, hukuncin azumin ya tambayi malaminshi.

Bayan an cire, ka cije audugar da aka sa maka minti 30 zuwa 45 ba surutu. Ranar nan kar ka kurkure baki, kar ka yi ta tofar da miyau, kar ka tsotsi abu da tsinken shan lemo, kar ka sa harshe ko tsinken sakace a ramin, don gudan jinin da ya kwanta a ciki shine ke rufe ƙashi har nama ya tsiro. Kunu mai ɗumi-ɗumi, fura, shinkafa mai laushi, a tauna ta ɗaya gefen, goro da rake da tsire su jira. Taba sigari da shisha a ajiye aƙalla kwana 3. Daga washegari sai ka fara kurkurewa a hankali da ruwan ɗumi da gishiri rabin ƙaramin cokali a kofi, bayan kowane abinci, burushi ko asuwaki kuma a ci gaba da yi a sauran haƙoran. In bayan kwana 2 zuwa 4 ciwo ya dawo ya fi na da, yana harbawa har kunne ga wari, to gudan jinin ne ya fita ƙashi ya bayyana, ka koma inda aka cire za su wanke su sa magani a ramin. Haka in jini ya ƙi tsayawa bayan ka sake cije auduga mai tsafta na rabin awa, ka koma a ranar, kuma kafin ka bar asibitin ka tambayi yaushe za ka dawo a duba maganar cike gurbin.